Rinjayen Ƙwaya a Kan Kishiyarta: Iyakar Shaidar da Wargajewar Ƙwayoyi Ke Bayarwa Game da Sabon Fiziks

Tsakure

Kowace ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da aka gina halitta da su tana da kishiya. Nauyinsu ɗaya, cajinsu akasin juna, kuma idan suka haɗu sai su halaka juna su koma haske. Amma duk inda aka leƙa a sararin samaniya ƙwayoyi ake gani, kishiyoyin sun ɓace. Wannan maƙala ta bi sawun gwaje-gwajen da suka auna bambancin da ke tsakanin wargajewar ƙwaya da ta kishiyarta, daga 1964 zuwa 2025. Matsayar maƙalar ita ce, girman bambanci shi kaɗai ba shaidar sabon fiziks ba ne. Awo yana zama hujja ne gwargwadon yadda aka iya lissafa abin da Daidaitaccen Tsari ya yi hasashe, kuma a yau lissafin ne ya zama tarnaƙi fiye da na'urorin awo.

1.0 Gabatarwa

A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin da ya haɗa dokokin kwantum da ka'idar Einstein domin bayyana halin elektiron. Lissafin ya zo da wata amsa ta biyu da ba a nema ba, wato ƙwaya mai nauyin elektiron amma akasin caji. Carl Anderson ya gan ta a 1932 cikin ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, aka sa mata suna fozitiron. A 1955 aka samar da kishiyar furoton a Berkeley da ke Amurka. Daga nan masana suka ɗauka cewa dokokin halitta ba sa fifita ɓangare ɗaya.

Akwai juyi iri biyu da suka shafe mu. Na farko shi ne C, wato a musanya kowace ƙwaya da kishiyarta. Na biyu shi ne P, wato a juya hagu ta koma dama kamar yadda madubi ke yi. A 1957 Chien-Shiung Wu ta nuna da kobalt-60 cewa rarraunan ƙarfi, wanda ke sa ƙwayoyi wargajewa, yana bambanta hagu da dama. Sai aka koma ana fatan cewa idan an haɗa juyin biyu, wato CP, daidaito zai dawo. Wannan fata ya yi shekara bakwai kacal. A 1964, a cibiyar Brookhaven, Christenson da Cronin da Fitch da Turlay suka ga wata ƙwaya, wato mezon K mai tsawon rai, yana wargajewa zuwa ƙwayoyin π guda biyu, abin da daidaiton CP ya haramta. Sau 45 suka gani cikin wargajewa wajen 22,700, kusan biyu cikin dubu ke nan. Cronin da Fitch sun karɓi kyautar Nobel a 1980 saboda wannan aiki.

2.0 Giɓin da Sama ta Nuna

Da akwai taurarin da aka gina da kishiyoyin ƙwayoyi a wani yanki, da iyakar yankin da namu ta riƙa fitar da hasken gamma mai yawa, kuma ba a ga wannan haske ba. Adadin rinjayen ma an auna shi ta hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba. Ɗaya ita ce yawan ditiriyom da aka ƙera a mintocin farko bayan Babbar Fashewa. Ɗayar kuma ita ce tsohon hasken da ya cika sararin samaniya, wanda tauraron ɗan'adam na Planck ya auna. Duka biyun sun ba da kusan bariyon 6 a kan kowace ƙwayar haske biliyan 10. Bariyon shi ne dangin furoton da niyutiron. Ma'anar wannan adadi ita ce a farkon lamari, a kan kowace kishiya wajen biliyan ɗaya an sami rarar ƙwaya ɗaya tak, kuma daga wannan rara aka sami duk taurari da duwatsu da jikinmu.

A 1967 Andrei Sakharov na Tarayyar Sobiyet ya gindaya sharuɗɗa uku da dole a cika kafin irin wannan rara ta samu daga farawa ta kunnen doki. Sai an sami hanyar da ke sauya jimillar adadin bariyon, sai C da CP sun karye, sannan sai abin ya auku lokacin da halitta ba ta cikin daidaiton zafi. Daidaitaccen Tsari, wato ka'idar da ke bayyana ƙwayoyin da muka sani da ƙarfafan da ke tsakaninsu, yana da ƙofa ga kowane sharaɗi. Kuzmin da Rubakov da Shaposhnikov sun nuna a 1985 cewa a cikin tsananin zafin farkon halitta adadin bariyon yana iya sauyawa. Matsalar tana ga sauran biyun. Ƙwayar Higgs da aka gano a 2012 nauyinta GeV 125 ne, kuma da wannan nauyi sauyin da ya bai wa ƙwayoyi nauyinsu ya zo a hankali, alhali sharaɗi na uku yana buƙatar sauyi na farat ɗaya, wanda sai Higgs ya gaza kusan GeV 80 zai yiwu. Karyewar CP ɗin da ke cikin tsarin kuwa, idan aka haɗa ta da ƙanƙantar nauyin yawancin ƙwayoyin kwak, wato ƙwayoyin da ake gina bariyon da su, ta gaza abin da ake buƙata da ninki wajen biliyan goma. Ni a ganina wannan giɓi yana cikin hujjoji mafi ƙarfi da muke da su cewa akwai fiziks da ba mu sani ba. Sai dai hujjar ba ta faɗi inda za a same shi ba, ba ta kuma yi alkawarin cewa zai bayyana a wargajewar kwak ba.

3.0 Daga Ina Bambancin Yake Fitowa

A 1973 Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, suna ɗorawa a kan aikin Nicola Cabibbo na 1963, suka nuna cewa idan ƙwayoyin kwak shida ne, to jadawalin da ke faɗin yadda rarraunan ƙarfi ke mayar da wani kwak wani zai ƙunshi kusurwa ɗaya da ba za a iya shafe ta ba. A lokacin kwak uku kaɗai aka sani, wato u da d da s. An gano c a 1974, b a 1977, t kuma a 1995. Duk karyewar CP da aka tabbatar a gwaji zuwa yau ana iya mayar da ita ga wannan kusurwa guda. Cecilia Jarlskog ta nuna a 1985 cewa ana iya taƙaita girmanta a lamba ɗaya, wadda aka auna ta kusan 3 cikin dubu ɗari.

A nan zan ɗan dakata, domin duk hujjar maƙalar a kan wannan gaɓa ta tsaya. A dokar kwantum, kowace hanya da ƙwaya za ta bi ta wargaje ana wakiltarta da lamba mai girma da kusurwa. Idan hanya ɗaya ce tak, kusurwar ba ta shafar yawan wargajewar, don haka ƙwaya da kishiyarta za su yi daidai. Sai an sami hanyoyi biyu da ke kaiwa ga sakamako ɗaya, su haɗu su ƙarfafa juna ko su rage wa juna, sannan bambanci zai fito. Kusurwar da ke tsakanin hanyoyin kuma kashi biyu ce. Akwai ta rarraunan ƙarfi, wadda ke juya alama idan aka koma kan kishiya. Akwai kuma ta ƙarfin ɗauri, wato ƙarfin da ke ɗaure kwak cikin mezon da bariyon, wadda ba ta juyawa. Bambancin da ake aunawa, wato a cire adadin wargajewar kishiya daga na ƙwaya a raba da jimillarsu, ya dogara da abu uku da aka ninka da juna: girman ƙaramar hanya a kan babba, da sayin ɗin kusurwar rarraunan ƙarfi, da sayin ɗin kusurwar ɗauri.

Abin da muke nema yana cikin na biyu, wato kusurwar rarraunan ƙarfi. Sabuwar ƙwaya mai nauyi, ko da na'urorinmu ba su kai su samar da ita ba, tana iya shiga hanyar da ke zagaye kamar zobe ta bar sabuwar kusurwa. Tarihi ya gaskata wannan dabara. Gaillard da Lee sun ƙiyasta nauyin kwak c daga rikiɗar mezon K kafin a gano shi. A 1987 gwajin ARGUS a Hamburg ya ga mezon B yana rikiɗa zuwa kishiyarsa da saurin da ya nuna cewa kwak t yana da nauyi ƙwarai, shekara takwas kafin a gan shi. Awon rikiɗar mezon K yana iya jin tasirin ƙwayoyi masu nauyin dubban TeV, alhali injin LHC yana gwara furoton ne a kan TeV 13.6. Amma daga cikin abu ukun da aka ninka, na farko da na uku duka aikin ƙarfin ɗauri ne, kuma a ƙananan makamashi lissafinsa ba ya warwaruwa da alƙalami. Mai auna irin wannan bambanci kamar mai awon hatsi ne da mudun da bai san cikinsa ba. Ya san sau nawa ya cika ya juye, amma ba zai rantse a kan yawan hatsin ba.

4.0 Ma'aunai Masu Tsabta

An yi dace akwai wuraren da ƙarfin ɗauri ke ficewa daga lissafi. A 2001 gwajin BaBar a Kalifoniya da na Belle a Tsukuba ta Japan suka auna yadda bambancin ke hawa da sauka da lokaci a wargajewar mezon B⁰ zuwa J/ψ da K. A nan hanyoyin biyu su ne mezon ya wargaje kai tsaye, ko ya fara rikiɗa zuwa kishiyarsa sannan ya wargaje. Lambar da ake kira sin 2β ta fito kusan 0.7, daidai inda tsarin Kobayashi da Maskawa ya ce za a same ta, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2008. Kusurwar φs ta mezon Bs ma haka. Hasashe ya ce kusan −0.037 na radiyan, gwajin LHCb da ke injin LHC kuma ya sami −0.039 a 2023, da gejin kuskure wajen 0.02.

Kusurwar γ ta fi sauran muhimmanci a wurina. Ana auna ta ne a wargajewar B zuwa D da K, inda hanyoyin biyu miƙaƙƙu ne, babu zobe, saboda haka da wuya sabuwar ƙwaya ta gurɓata ta. Ita ce ma'aunin da za a gwada sauran da shi. LHCb ya sa ta kusa da digiri 65, da kuskuren da bai kai digiri 3 ba, kuma ta dace da abin da aka ciro daga hanyoyin zobe. Kusurwar ɗaurin da ake buƙata a nan ma ba lissafa ta ake yi ba, aunawa ake yi: gwajin BESIII a Beijing, kamar CLEO-c da ya gabace shi, yana samar da mezon D da kishiyarsa a sarƙe da juna, ya ciro kusurwar daga gare su.

Hukuncin waɗannan ma'aunai a fili yake. Duk inda muka iya lissafi da kyau, Daidaitaccen Tsari ya ci jarrabawa. Sauran filin da ya rage wa sabon fiziks a rikiɗar mezon B bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girman hanyar ba. Fili ne da ya cancanci a ci gaba da matse shi, amma ba a ga kowa a cikinsa ba tukuna.

5.0 Inda Awo ya Riga Lissafi

Labarin mezon D ya bambanta. Shi kwak c yake ɗauke da shi, kuma tsarin ya yi hasashen cewa karyewar CP a nan ƙarama ce ainun. Aikin awon kansa yana da tarkuna. LHC furoton yake gwarawa da furoton, don haka tun daga tushe ba a samar da ƙwaya da kishiya daidai wa daida. Na'urar ganowa ma da ƙwayoyi aka ƙera ta, shi ya sa take haɗiye K⁻ fiye da K⁺. Masu gwajin suna juya fuskar maganaɗisunsu lokaci-lokaci domin rage son kan na'ura. Dabara mafi inganci kuwa ita ce a auna bambancin a wargajewar D⁰ zuwa K⁺K⁻, a auna shi a wargajewa zuwa π⁺π⁻, sannan a cire ɗaya daga ɗaya, sai son kan tushe da na na'ura su kashe juna.

A 2011 LHCb ya sanar da sakamakon farko, kashi −0.82 cikin ɗari, a kan sigma 3.5, wato ninki 3.5 na gejin kuskurensa. An yi ta rubuce-rubuce a kan sababbin ƙwayoyin da za su iya haifar da shi, amma da bayanai suka ƙaru sai adadin ya yi ta raguwa. A watan Maris na 2019, bayan nazarin wargajewa wajen miliyan 70, aka sami −15.4 cikin dubu goma, da kuskuren 2.9, wato sigma 5.3. Wannan ya haye ƙa'idar sigma 5 da ake bi kafin a ce an gano abu, kuma babu mai jayayya cewa CP ta karye a kwak c.

Jayayyar a kan fassara take. Ɓangaren rarraunan ƙarfi an san shi sarai, kusan 6 ne cikin dubu goma. Kafin a kai adadin da aka auna, sai ƙaramar hanya ta kusan kamo babba a girma, kusurwar ɗauri kuma ta yi faɗi. Khodjamirian da Petrov sun lissafa a 2017 suka sami kusan 2 cikin dubu goma, ƙasa da awon da ninki bakwai ko fiye. Idan lissafinsu ya yi daidai, to sabon fiziks muke kallo. Grossman da Schacht kuwa sun kafa hujja a 2019 cewa ƙwayoyin da suka fito suna iya sake gwaruwa da juna su kumbura ƙaramar hanyar, kamar yadda aka daɗe da sani a mezon K, don haka babu buƙatar wani sabon abu. Nauyin kwak c ne ya jawo wannan ruɗani. Bai kai nauyin da dabarun lissafin kwak b za su yi aiki sosai ba, kuma ya wuce sauƙin da dabarun kwak s ke buƙata. A 2022 LHCb ya raba adadin gida biyu: kusan 23 cikin dubu goma a π⁺π⁻, kusan 8 a K⁺K⁻. An yi tsammanin alamominsu za su zama akasin juna, sai ga su a ɓangare ɗaya, duk da cewa saɓanin bai kai sigma 3 ba. Shekaru sun shuɗe muna riƙe da tabbataccen awo, ba mu da alƙalin da zai ce ga ma'anarsa.

Mezon K ya riga ya koya mana darasi a kan haka. Gwajin NA48 a CERN da na KTeV a Fermilab sun tabbatar da karyewar CP ta kai tsaye daga 1999, inda lambar ε′/ε ta tsaya kusan 16.6 cikin dubu goma. A 2015 haɗakar RBC da UKQCD, masu lissafin ƙarfin ɗauri a kan raga da manyan kwamfutoci, suka sami adadin da ya yi ƙasa da awon sosai, aka fara maganar sabon fiziks. A 2020 suka inganta lissafin, adadin ya hau zuwa kusan 22 cikin dubu goma da faffaɗan kuskure, saɓanin ya gushe. Ko ƙwaya ɗaya ba a sake aunawa ba tsakanin shekarun nan biyar.

Da wannan ido ya kamata a kalli sakamakon 2025. Sama da shekara 60 duk karyewar CP da aka gani a mezon take, wato kwak ɗaya da kishiyar kwak ɗaya. A watan Maris na 2025 LHCb ya sanar, ya kuma buga a mujallar Nature a watan Yuli, cewa ya gan ta a bariyon Λb, mai ɗauke da u da d da b, yayin wargajewarsa zuwa furoton da K⁻ da π⁺ da π⁻. An yi amfani da bayanan 2011 zuwa 2018, wargajewa wajen 80,000, aka kuma cire son kan na'ura ta hanyar kwatantawa da wargajewar Λb zuwa Λc da π⁻, wadda ke ƙarewa da ƙwayoyi huɗu iri ɗaya. Bambancin ya fito kashi 2.45 cikin ɗari, a kan sigma 5.2. A wani yanki da gajerun ƙwayoyin tsaka-tsaki suka yi yawa ya haura kashi 5.

Aiki ne mai daraja, domin bariyon shi ne ainihin abin da rarar Sakharov ta shafa. Amma ban yarda da yadda wasu kafofin labarai suka gabatar da shi kamar an warware asirin samuwarmu ba. Kusurwar Kobayashi da Maskawa tana iya haifar da bambanci mai wannan girma. Abin lura ma shi ne ƙanƙantarsa, ganin cewa sauyin kwak iri ɗaya yana ba da kusan kashi 8 cikin ɗari a wargajewar B⁰ zuwa K⁺π⁻, wani sauyi makamancinsa kuma ya wuce kashi 20 a Bs. Da kwak uku a farko da ƙwayoyi huɗu a ƙarshe, hanyoyin tsaka-tsaki suna da yawa, kowace da kusurwar ɗaurinta, wasu suna kashe wasu. Har yanzu babu hasashen da ya kai ingancin da za a aza shi kusa da 2.45 a ce ya dace ko ya saɓa.

6.0 Abin da Ya Kamata a Sa Gaba

Bayanai za su ƙaru. An sabunta LHCb ya koma aiki a 2022, Belle II kuma yana tattara nasa tun 2019. A kan γ da φs wannan ƙari riba ce kai tsaye, domin kuskuren lissafi ya yi ƙasa da na awo nesa ba kusa ba. Idan aka kai γ ga kuskuren ƙasa da digiri 1, ko ɗan saɓani da hanyoyin zobe zai zama magana. A kan D da Λb kuwa, ƙarin bayanai zai ƙara wa lambar kaifi ne kawai, ba zai fassara ta ba, sai an yi ɗaya cikin biyu. Ko dai lissafin raga ya kai ga wargajewar da ke da hanyoyin ƙarshe masu yawa, ko a nemo alaƙa tsakanin wargajewa daban-daban da za ta fitar da kusurwar ɗauri daga awo, kamar yadda aka yi wa γ. Saboda haka nake ganin awon D zuwa π⁰π⁰ da π⁺π⁰, wanda Belle II ya fi dacewa da shi, ya fi ƙara lamba ɗaya a bayan ɗigo amfani. A D⁺ zuwa π⁺π⁰ tsarin ya ce bambancin kusan sifili ne, don haka duk abin da aka gani a can ba zai ɓuya a bayan ƙarfin ɗauri ba.

Ya kuma kamata mu shirya wa yiwuwar cewa amsar ba ta cikin kwak. Fukugita da Yanagida sun kawo a 1986 cewa rarar tana iya farawa daga wargajewar wasu niyutirino masu nauyi ƙwarai, daga baya ta koma rarar bariyon. Gwajin T2K ya ba da alama a 2020 cewa niyutirino da kishiyarsa ba sa rikiɗa da sauri ɗaya, amma alamar ba ta kai tabbaci ba. Hyper-Kamiokande a Japan, mai tazarar kilomita 295, da DUNE a Amurka, mai kilomita 1,300, su ake ginawa domin yanke wannan hukunci. A gefe guda kuma awon karkatar caji a cikin elektiron, wanda cibiyar JILA ta matse zuwa ƙasa da 4.1 × 10⁻³⁰ a ma'aunin e·cm a 2023, ya riga ya rufe ƙofa ga da yawa daga cikin tsare-tsaren da ke ƙara sabuwar kusurwa a kusa da nauyin Higgs. Duk wanda zai kawo sabuwar ƙwaya domin ta bayyana −15.4 cikin dubu goma na mezon D, wajibi ne ya nuna cewa ba ta karya iyakar karkatar caji da aka sa wa niyutiron ba, wato 1.8 × 10⁻²⁶ da aka auna a cibiyar PSI ta Suwizalan a 2020, kuma ba ta ɓata rikiɗar D⁰ da aka riga aka auna ba.